Gwiwar Akuya

Habu ɗan ƙanen ubana ne, kuma shi ya hana ni takin zamani bana. Tun da ya zama kansila, mai son buhu sai ya tuɓe takalmi tun daga bakin titi, ya durƙusa, ya ce ranka ya daɗe. Ni da silifas ɗina na shiga, na yi sallama, na miƙa masa hannu. Ya dubi hannun, ya ce taki ya ƙare, alhali ga buhuna jibge a bayansa. Masarata kuwa ganyenta ya fara komawa ruwan ɗorawa.

Abin da ya fi ci mini rai, a gindin wuta ɗaya muka tashi, a ƙauyenmu da ke tsakanin Gwarzo da Kabo. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, kananzir ya gagari talaka, sai kakarmu Iya Tabawa ta riƙa hura wutar kara a tsakar gida bayan an ci tuwo, ta binne mana dankali a toka. Mu jikoki mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Mijinta ya sha ɗauri tun zamanin Turawa, saboda ya shiga jam'iyyar talakawa, kuma ya gai da hakimi a tsaye. Ita ke kai masa fura gidan yari a ƙafa. Amma ban taɓa jin ta ba da labarin da kuka ba, tatsuniya ta mai da shi.

"Ga ta nan, ga ta nanku," in ji ta.

"Ta iso mu ji, Iya."

Wai Zaki ne ya kafa doka, duk dabbar da ta zo fada sai ta shigo da rarrafe. Akuya ta fi kowa iyawa, ta yi ta jan gwiwa har gashin wurin ya ƙoƙe. "Ku duba akuyar gidan nan gobe, in ƙarya nake," in ji Iya. Ran nan Jaki ya zo ya tsaya ƙyam. Kura dogariya ta dake shi har sanda ta karye, ko gezau. Sai Saniya ta ce, "To ni ma bayana ya gaji." Ta miƙe. Raƙumi ya miƙe, Doki ya miƙe. Da kowa ya tsaya da ƙafafunsa, sai aka ga ashe Zaki ko kafaɗar Saniya bai kai ba.

Daga nan sai wasa. Kowa ya ce shi ne Jaki, Habu har da kuka in ba a ba shi ba. Iya ta yi ta dariya tana share ƙwalla. "Jakunan gidan nan sun yi yawa, wa zai yi Zakin? To ni ce." Ta buɗe bakin nan da ba haƙori ko ɗaya ta yi gurnani, mu zube ƙasa muna riƙe ciki, dankali yana ƙonewa ba wanda ya tuna da shi.

Ni aji huɗu na tsaya a firamare, ban karanta tarihin kowa ba. Sai da na girma na gane abin da tsohuwar nan ke dasawa: babba ba ya yin tsawo sai in ka rage naka. Habu ma ya sani. Da aka ƙaddamar da Shari'a shi ne a gaba da lasifika, yana cewa ba a sunkuya wa kowa sai Allah.

Ranar Juma'a bayan an sauko na koma gidansa, mutane cike a zaure. Wani yaronsa ya nuna mini ƙafata, wai in tuɓe takalmi, na wuce shi.

Na ce, "Habu, riƙe takinka, zan kwashi na turke. Kujerar nan aro ce. Ran da aka karɓe ta, kai kaɗai za ka zauna a ƙofar nan, duk waɗannan sun koma gidan sabon kansila. Ni zan zo in gaishe ka, a tsaye, kamar yau."