Buhunan da Inna ta tare ƙurar tauraro da su

Ni mutum ne mai zargi, kuma ba na ɓoyewa. In mahauci ya yi mini gyara ban roƙa ba, sai na sansana naman. Ba haka aka haife ni ba. Shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyenmu, Tungar Daji, ita ta mayar da ni haka. A lokacin a tsakar gida ake daka dutsen zinariya, kuma ƙanena, autan Inna, shi yake shigo da dutsen gidanmu. Ɗana na fari ya yi rarrafe a cikin wannan ƙurar. Bai kai yaye ba muka kai shi makwancinsa.

Daga baya aka zo aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, gari kuma ya kafa doka: dutse ba ya shiga gida, mai aikin zinariya ya yi wanka ya sauya tufa tun a wurin aiki. Na ce wa ƙanena na yafe. Amma shekara goma sha biyar, duk ranar da na je gida, idona yana kan takalmansa.

Ina koyarwa a wata firamare a Anka, sai ranar Juma'a nake hawa babur in je in gaida Inna. Da kakar bara labarin wani tauraro mai wutsiya ya cika wayoyin mutane. Wai ba ɗan gida ba ne, daga can wajen duniyoyin da suke zagaya ranarmu ya ɓullo. Wai wutsiyarsa ta fuskanci rana maimakon ta ba ta baya, launinsa ya sauya, kuma yana fitar da wani irin ƙarfe. Ba wanda ya gan shi da ido a cikinmu, sai da na'ura ake hango shi, amma a majalisarmu ta bakin tasha kowa ya san shi kamar a unguwarsu ya girma.

Mai gyaran babura ya ce jirgi ne, an turo shi ya auna inda zinariya take kwance a ƙarƙashin ƙasa. Wani baƙo da ya zo haƙa daga wata jiha ya ce in da ƙarfe a jikinsa, to ya faɗo kawai, su sun san abin da za su yi da shi. Ni ban yarda da jirgi ba, amma ban yarda da masu cewa ba komai ba ne. Mun taɓa zama muna numfashi a cikin guba ba wanda ya sani, me zai sa in gaskata wanda ya ce in kwantar da hankalina?

Da wannan na je gida wata Juma'a. Na tarar da Inna tana shanya surfaffen gero a tabarma, 'yar ƙanena mai shekara biyu tana riƙe da haɓar zanenta. Takwararta ce, ba ta yarda yarinyar ta yi taku uku ba ta gani. Na zauna na kwashe labarin tauraro kaf na gaya mata, da ɗan ƙarin gishiri na malaman makaranta. Na ce wutsiyar tasa ƙura ce zalla, kuma da ƙarfe a cikinta.

Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta tsayar da hannunta a cikin geron ta ce, “Malam, ƙura kac ce? Da ƙarhe ciki?”

Na ce, “Yana da nisa ƙwarai, Inna.” Da na tsaya nan da shi ke nan. Amma bakina bai iya tsayawa ba, sai da na ƙara da cewa, “Haka dai sunka ce. Wa ya san abin da suka ɓoye muna?”

Ta ɗaga kai ta dubi sama, sannan ta dubi yarinyar.

Makonni suka wuce. Hanya ta yi rashin lafiya, kamar yadda muke cewa in ba a iya bi, sai na daɗe ban je ba. Ranar da na samu na je, yarinyar ba ta rugo ta tarbe ni ba. Tana kwance a cinyar uwarta, ta ƙi abinci, ga amai, ga kuka ba dalili. Uwar ta ce haƙori ne. Wata maƙwabciya ta ce tun da tauraron nan ya fito yara ba su da lafiya. Ni kuwa na taɓa ganin wannan kwanciyar. Ban nemi shawarar kowa ba na goya uwa da 'ya a babur sai asibiti a Anka. Aka ɗebi jini. Dalma ce, ta hau har sai an kwantar da ita an ba ta magani. Ma'aikaciyar ta ce in ba a gano ta inda take shiga ba, aikin banza ake yi, yarinyar za ta koma gida ta sake sha.

Ni ban ga abin nema ba, na riga na san mai laifi. Washegari da hantsi na koma ƙauye, na tarar ƙanena bai fita aiki ba, yana shirin tafiya asibiti. Ban amsa gaisuwarsa ba na faɗa ɗakinsa. Na ɗaga katifa, na zazzage jaka, na leƙa turmi, na kife takalmansa a bakin ƙofa na bubbuga a ƙasa, Inna tana leƙe daga ɗakinta. Ba ƙura, ba tsakuwa. Rashin samun komai ya ƙara mini fushi, na ce lallai ya iya ɓoyo.

Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Yaya, wallahi tun waccan shekara ko tsakuwa ban shigo da ita gidan ga ba. Ɗiyata ta hwa.”

Na ce, “Wancan ma ɗana ne.”

Ya sunkuyar da kai. Na ji daɗin maganar a lokacin, Allah ya yafe mini.

Muna tsaye a haka Inna ta fito daga ɗakinta da ƙwaryar gero a hannu da wasu buhuna a hamata. Ta baza geron, ta kakkaɓe buhu ta rufa a kai, ta danne gefe da duwatsun murhu. Ta kakkaɓe wani ta rufe bakin randa. A gindin bango na hango wata 'yar rumfa da aka yi da kara, an lulluɓe ta da buhu biyu, ga gwangwanayen wasan yarinyar a ciki. Ƙanena da asuba yake fita, sai magariba yake dawowa, lokacin Inna ta naɗe kayanta. Bai taɓa ganin wannan aikin ba.

Ya matsa ya ce, “Inna, ina kinka samu buhunnan ga?”

Ta ce, “Bayan rumhwar baƙin nan masu haƙa, an zubar. Na shinkahwa na, masu kauri. Tun da Malam yac ce ƙurar tauraro da ƙarhe, ban bar komi buɗe ba. Ita ma takwara ban bari ta yi wasa a sarari.”

Buhunan shinkafa ne, gaskiyarta, ga hoton a jiki. Sai dai duk mai aikin zinariya ya san da me ake cika su bayan shinkafar ta ƙare. Ƙanena ya zura hannu cikin ɗaya ya shafo, ya juya wa Inna baya, ya buɗe mini tafinsa. Garin dutsen zinariya ne, mai laushi, ruwan toka.

Na buɗe baki zan yi magana, ya girgiza mini kai. Ya juya ya ce, “Inna, waɗanga ba su tare ƙurar tauraro, sun yi huji. Bari in kawo miki sabbin tabarmi. Geron ga ma a bar shi, ya riga ya sha iska.” Ya tattara buhunan a hankali don kada su yi ƙura, ya tuttular da ruwan randar, ya fita da geron. Kwana biyu muka yi ni da shi muna kankare tsakar gida, ya ce wa Inna daɓe zai sake.

Yarinyar ta tashi, alhamdu lillahi, ko da yake magana tana yi mata nauyi har yanzu, kuma ba mu san iyakar abin ba. Tauraron ya yi gaba abinsa, majalisa ta koma zancen taki. A ƙauye kuwa an gama yanke hukunci: auta ne ya sake shigo da dutse. Bai musa wa kowa ba. Na ce masa zan faɗi gaskiya, ya ce in na faɗa, Inna ba za ta kai damina ba.

Juma'ar da ta wuce ina zaune ya dawo daga aiki. Inna ta tare shi a bakin zaure ta ce ya cire takalma ta gani. Ya cire ya miƙa mata. Ta kife su ta bubbuga a ƙasa, yadda ta ga na yi.