Ƙafafun Sixten, Idon Ylva

A garinmu Tallmyra babu wanda bai san Sixten Norell da gudu ba, kuma abin haushin, shi ma ya san an san shi. Ɗan shekara goma sha bakwai ne, yana aji biyu a babbar sakandare, dogo siriri, in yana tafiya sai ka ce ƙasar ce take roƙonsa ya taka ta. Ubansa Håkan direban motar katako ne, mutum mai sauƙin kai, amma kofunan da yaron ya ciwo duk ya jera su a tagar da ke kallon titi don kada wani ya wuce bai gani ba.

Gaskiya ɗaya dai, yaron yana wahala a kan gudunsa. Kullum kafin a shiga aji sai ya zagaya hanyar dusar katako da ke bayan makaranta sau biyar. Ran Laraba ya hau tudun injin yanka katako sau goma, ya sauko, ya yi amai a gindin itace, ya goge baki ya sake hawa. Yana da agogon da ke ƙirga bugun zuciyarsa, kuma duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi a ɗakin cin abinci sai ya ji lissafin bugun nan tun daga Litinin. Sau biyu yana cin tseren ƙetare daji na lardi, inda aka ɗaura ƙyalle a itatuwa ana nuna wa mutum hanya.

To amma a garinmu gudu zalla ba ya burge kowa. Mu 'yan gudun taswira ne tun kakanni. A ba ka taswira da kamfas mai nuna arewa, a sake ka cikin daji, ka nemo tutocin da aka ɓoye ɗaya bayan ɗaya, kowace da lambarta, ka tsoma ɗan tsinken robar da ke ɗaure a yatsanka cikin na'urar da ke kan tutar don ta shaida ka zo. Wanda bai iya wannan ba, ko ya fi barewa sauri, ɗan wasa ake ɗaukarsa. Shi ya sa Sixten ya shiga ƙungiyar gari yana ɗan shekara goma sha huɗu, kuma cikin wata uku ya fara zuwa na ɗaya a atisaye. Mutane suka ce an haifi gwani.

Gwanin ƙarya! Sixten bai san bambancin tudu da rami a taswira ba. Abin da ya sani shi ne bayan Ylva Bergkvist.

Ylva ta girme shi da shekara ɗaya, 'yar gajeruwa ce mai tabarau, gudunta ba na a-zo-a-gani ba ne. Amma in ta ɗora babban yatsa a kan taswira ba ta ɓata taku ɗaya. A atisaye ana sakin yara ne minti ɗaya tsakani, kuma ko ta yaya sai Sixten ya san dabarar da zai faɗo bayanta: yau igiyar takalmi ta kwance, gobe fitsari ya matse shi. Kafin tuta ta farko ya cim mata. Daga nan sai ya bar taku ashirin a tsakaninsu, yana riƙe da taswira a gaban fuska don ganin mutane. Ta ratsa fadama ya ratsa, ta hau dutse ya hau. Da sun taɓa tuta ta ƙarshe sai ya wuce ta fuu, ya iso yana ɗaga hannu. Kuma don rashin ta-ido, har shawara yake ba ta.

"Ylva, da kina ɗaga gwiwa kaɗan da kin rage minti biyu."

"Na gode, Sixten," in ji ta, tana goge tabarau.

Mai horar da su, Gunvor, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya ce da ta shekara arba'in tana gudu a dazukan nan. Ba ta da yawan magana, amma ba a yi mata kwana-kwana. Wata rana bayan atisaye, ana shan kofi da burodin kirfa a bukkar ƙungiya, ta tambaye shi ta ina ya bi daga tuta ta huɗu zuwa ta biyar.

"Kai tsaye na yanka."

"Kai tsaye tafki ne."

"E, to, gefen tafkin nake nufi."

"Wane gefen?"

Sai ya cusa rabin burodi a baki, ya yi ta tauna har aka shiga wata magana.

Ita Ylva tun makon farko ta sani. Mutum yana huci a ƙeyarka shekara uku, ai ko kurma ne zai ji. Ta yi shiru ne don matasan ƙungiyar duka su shida ne, kuma tana da buri ɗaya kafin ta gama makaranta ta bar gari: Tallmyra ta ci tseren karɓa-karɓa na lardi, abin da ba a yi ba tun kafin a haife ta. Ba a cin wannan sai da ƙafa irin ta Sixten. Sau ɗaya ta gwada shi. Tana tsakiyar daji sai ta tsaya cak, ta tsuguna tana tsinkar 'ya'yan itace tana ci. Shi ma ya tsaya, ya ƙura wa taswirarsa ido, ya haɗe gira kamar likita.

"A kife ka riƙe ta," ta ce masa. "Arewa tana sama."

"Na sani. Wani abu nake dubawa."

"Ka zo gidanmu ran Lahadi in koya maka. Wallahi babu wanda zai ji."

"Lahadi ranar dogon guduna ce," ya ce, yana wani cin magani. Bai je ba, kuma bai taɓa gode mata a kan wannan tayin ba.

Tseren karɓa-karɓa ya faɗo a watan Oktoba, wata Asabar mai yayyafi. A ranar ne kuma masu zaɓe za su fitar da matasan da za su wakilci lardi a Norway da bazara. Sixten kuwa ya riga ya gaya wa duk makaranta cewa yana cikin tafiyar, har ya fara tambayar yadda abincin can yake. Mutum uku ne a tawaga: shi zai fara, wani yaro mai suna Elof ya karɓa, Ylva ta rufe. Ka ga ke nan babu bayan Ylva da zai bi.

Bai damu ba. A zagayen farko ana sakin kowa ne lokaci ɗaya, yara arba'in, baya kuwa sai wanda ka zaɓa. Gunvor ta kama hannun rigarsa kafin a tashi.

"Saurara. Yau tutocin a rarrabe suke. Wanda ke gefenka ba lallai tutarsa ce taka ba. Ka duba lamba kafin ka tsoma."

"Haba Gunvor, ni za a gaya wa wannan?"

"Kai nake gaya wa."

Aka busa usur. Sixten ya zaɓi wani mai jar riga daga babbar ƙungiyar birni, wanda da gani ya san abin da yake yi, ya manne masa. Tuta ta ɗaya, ta biyu, ta uku, duk lafiya lau. Suka tsallake wani rafi, suka hau gangare mai santsi, suka bar kowa a baya. A ta huɗu mai jar riga ya zagaya wani ƙaton dutse ya tsoma tsinkensa. Sixten ya ga lambar, arba'in da bakwai, kamar dai ba ita ya hanga a gefen taswirarsa ba. Can sama kuma ga wani dutsen, ga wata tutar tana leƙowa. Abin da ake bukata kawai ya warware takardar ya duba, daƙiƙa biyar. Amma jar rigar ta riga ta fara shigewa cikin itatuwa, kuma in ta ɓace masa, shi da gida sai dai a zo nemansa. Ya tsoma ya bi ta.

Shi ya fara fitowa fili. Mai lasifika yana ta kwarara sunansa, Håkan yana kaɗa ƙararrawar shanu kamar zai karya hannu, tsofaffin Tallmyra da suka zo da kujerunsu har da miƙewa tsaye. Ya ɗauko taswirar zagaye na biyu ya miƙa wa Elof, ya juya ya rusuna wa jama'a, sannan ya shiga rumfar da ake karanta tsinke yana murmushi.

Matar da ke gaban kwamfuta ko kallonsa ba ta yi ba. "Ba ka je tuta ta huɗu ba."

"Na je mana!"

"Ka je ta wani. Taka hamsin da biyu ce. An cire tawagarku."

Kafin ya fito, mai lasifikar da ya gama yabonsa ya riga ya sanar. Ƙararrawar Håkan ta yi shiru. Elof yana can cikin daji yana kashe kansa a banza, bai sani ba. Ylva tana wurin jira da bargo a kafaɗa, ta gama ɗumama jiki. Sixten ya nufe ta da saurinsa, ya fara bayanin cewa na'urorin nan in ruwa ya taɓa su ba su da tabbas.

"Ba ni taswirarka," ta ce.

Ya ba ta. Takardar tana nan a naɗe yadda aka miƙa masa ita, gumin yatsansa ya jiƙa wuri ɗaya tak, kan alamar farawa. Ta ɗaga ta sama yadda Gunvor za ta gani. Daidai nan mai jar riga ya zo wucewa yana shan ruwa, ya nuna Sixten da kofi ya ce wa abokinsa, da ƙarfi, "Ga jelar tawa nan. Tun daga farko yake shaƙar bayana, na ce bari in ga inda zai ƙare." Mutumin da ke zaɓen tawagar lardi yana tsaye taku uku daga wurin, da littafinsa a hannu.

Ylva ba ta zage shi ba, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Da Elof ya iso ta cire bargon, ta karɓi taswirarta ta shiga daji, ta yi zagayenta tsaf ba kuskure, alhali ta san ba za a rubuta wa Tallmyra komai ba. A mota wajen komawa ta juya fuska ga taga tana kuka a hankali. Sixten kuwa yana baya yana gaya wa ubansa cewa an sa tutocin kusa da juna da yawa.

Da sunayen tafiya Norway suka fito, akwai nata, babu nasa. Ya ce son kai ne na 'yan birni.

Asabar ta gaba da safe ya zo atisaye kamar ba abin da ya faru. Gunvor ta miƙa masa taswira ta ce, "Yau kai ne farko. Tafi."

Ya dube ta, ya dubi sauran yaran, duk sun sunkuyar da kai. Babu yadda zai yi. Ya zura da gudu mai kyau, irin wanda ake tafa masa, har ya tabbata itatuwa sun rufe shi. Sannan ya laɓe a bayan wani dutse yana jiran wanda zai biyo. Abin da bai sani ba, yana shigewa Gunvor ta kwashe sauran biyar ɗin a motarta ta kai su dajin ƙetaren tafki.

Minti goma, minti ashirin. Babu ko ƙarar kara. Agogonsa yana ta nuna masa bugun zuciya na hawa alhali a tsaye yake. Da ya gaji ya warware taswirar, a karo na farko da gaske, ya ga layuka ja-ja sun nannaɗe, ga kore, ga ɗige-ɗige baƙaƙe barjat, kowanne dutse ne, kuma bai san a bayan wanne yake ba. Ko ta inda ya shigo bai lura ba. Ya juya dama ya juya hagu, itatuwan duk iri ɗaya.

Ya buɗe baki zai yi kira, girman kai ya hana shi. Ya ƙara jira. Da ruwan sama ya fara gangarawa cikin wuyan rigarsa, haƙoransa suka fara haɗuwa, sai ya haɗa hannu biyu a baki.

"Ylva!" ya kira. "Ylva, don Allah!"