Randunan Mama da Tsohon Japan

Alhamis, Kuala Lumpur

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga unguwarmu, Pantai Dalam. Na tambayi mai tasi ko za mu isa filin jirgi kafin shida, ya ce, "Boleh lah," wato zai yiwu. Jami'armu ce ta tura ni Japan in ga wata ƙaramar masana'antar wiski, tunda digirina na uku a kan yis yake, ƙwayar da ke sa giya ta tashi.

Na tafi raina fes. Mahaifiyata burkutu take dafawa a Kagoro cikin randuna huɗu na gado, waɗanda ta hana a taɓa su da sabulu. Ni mai ilimi na ce ƙazanta ce, na saya mata durom na roba, ta ƙi. Sai na umarci ƙanena Bulus ya farfasa su ranar Asabar, in ta tafi kasuwa.

Juma'a, Osaka

Awa shida da rabi muka yi a sama, na kwana a wani ɗaki da bai fi akurki ba. Da safe na ci shinkafa da kifi, na hau jirgin ƙasa, awa uku zuwa wani ƙauye a gindin dutse.

Asabar, masana'anta

Ƙarfe biyu wani tsoho ya zagaya da ni, 'yarsa na fassara. Suna jiƙa sha'ir ya yi tsiro, kamar yadda Mama ke yi da dawa. Sannan ya nuna mini manyan gangunan katako da ake barin ruwan ya tashi a ciki, sun yi baƙi ƙirin.

"Da wane sabulu kuke wanke su?"

Ya dube ni kamar na zage shi. 'Yar ta ce, "Ruwan zafi kawai. Abin da ke ba da ɗanɗanon yana zaune a jikin katakon tun zamanin kakansa. In abin ya mutu, ba a sayar da shi a kasuwa."

Kunya ta kama ni. Na san wannan a littafi, ban taɓa yarda Mama ta san shi ba. Ƙarfe huɗu ya wuce, takwas ke nan a gida. Na fita da gudu na kira Bulus.

"Kada ka taɓa randunan nan!"

"Haba Anti, ai tun bakwai ta fita. Uku sun tafi already, saura ta Kaka."

Litinin, Pantai Dalam

Ƙarfe tara na safe na sauka lafiya, godiya ga Allah da masu masaukina. Ko jaka ban kwance ba, na zauna jiran gari ya waye a Kagoro, na kira Mama ina kuka ina roƙon gafara. Sai ta ce:

"Rifkatu, ɗaya ta ishe ni, ƙarfina ya ƙare. Sauran ukun, dama ke na ajiye wa."