Ruwan da Direba Ya Daina Sha

Yayata ta yi shekaru tana aikin wanki a wani otel, can ƙasan bene inda injina ke ruri wuni guda. Ita ke jawo jiƙaƙƙun zannuwan gado daga bakin inji, ta sunkuya ta zuba a kwando, ta sake sunkuyawa. Tun a nan ƙugunta ya fara yi mata magana, ita kuwa ta yi kunnen uwar shegu. Yaya irin mutanen nan ce da in ka ce mata sannu sai ta ce da me.

Mijinta direban bas ne, har yau Direba muke ce masa duk da rabonsa da sitiyari an daɗe. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, harshensa ya yi nauyi, sai Yaya ta ajiye aiki ta dawo gida. Daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, duk ita ke ɗaga shi. Mutum ne mai kunyar tsiya. Babban ɗansu, magidanci da iyalinsa, ya taɓa gwada kai shi banɗaki, Direba ya damƙe ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya ya ƙi saki. Tun ranar ba wanda ya ƙara gwadawa.

Magani kam babu irin wanda ba ta gani ba. Ƙwayoyin kashe zafi suka tayar mata da gyambon ciki. Man shafawa ya cika kan durowa, ɗakin duk warinsa. An yi mata allura a baya, ta ji sauƙi har ta taka mana rawa a kicin, sannan ciwon ya dawo da ƙannensa, ya gangara har ƙafar hagu. Da kyar na ja ta asibiti.

Likita ya ce, "Za mu fara da gashin ƙashi da motsa jiki. In bai yi ba, akwai tiyata. Amma ko wanne ne, sai kin bar ɗaukar nauyi na wasu watanni."

Yaya ta ce, "Nauyin nan da kake faɗa, likita, mijina ne."

A hanya na yi ta faɗa, don raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, in ke ma kika kwanta, wa zai ɗaga ku biyu?"

Ta ce, "Ke dai bakinki ba ya hutu, Auta."

Da babban ɗan nasu ya ji abin da likita ya ce, shi ma ya zo suka yi ta gardama da Yaya a falo, ƙofar ɗakin Direba a buɗe. Mutane kan manta harshen mutumin ne ya yi nauyi, kunnensa garau yake.

Bayan kwana biyu Yaya ta kira ni da murna, wai ciwon bayan ya lafa, sabon bel ɗin da ta ɗaura a ƙugu ya yi aiki, Direba ma yanzu ba ya yawan kiranta. Na je da rana. Na tarar leɓensa ya bushe ya tsage, idonsa ya faɗa, ga kofi cike da ruwa a kan kujera. Yaya ta kai masa baki, ya kau da kai.

Ta ce, "Haka yake yi, wai ba ya jin ƙishi." Sai ta sauke kofin. Ta dubi ƙofar banɗaki, ta dube shi. "Baban yara, don kada in ɗaga ka ne?"

Ya runtse ido. Ban taɓa jin tausayi da haushi sun haɗe mini haka ba.

Yaya ta zauna a bakin gado, a hankali saboda ƙugun. Ta ce, "Za ni gashin nan. Ɗanka zai riƙa kai ka. Amma sai ka sha, in ba haka ba ni ma ba ni zuwa ko'ina."

Ya daɗe yana kallon silin kafin ya buɗe baki. Ya shanye kofin, ta ƙara masa.

Da yamma ɗan ya zo. Ya sa hannu ƙarƙashin hammatar ubansa. Direba ya kai hannu ga ƙarfen gado, ya taɓa shi, sai ya ɗauke hannun ya rufe fuskarsa. Suka wuce ta gaban Yaya a bakin ƙofa. Ta juya tana kallon bango, ta rasa inda za ta sa hannayenta.