Fitilar da Ta Kama a Hanyar Suna

Jama'a, wannan ba ji na yi ba, wallahi da ni ya faru, shekarun baya ina sana'ar shinkafa a Gummi. Ina da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano mai hali ɗaya: da zarar mutum ya zauna a kujerar gaba sai wata jar fitila ta kama a gaban direba, mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, wato alamar jakar iskar nan da ke fashewa ta tare mutum in an yi haɗari. Marigayi Babana, wanda kujerar ta zama tasa har ya rasu, yakan ce motar ce ke gaishe shi.

To matata ta haihu, ɗan fari, a gidan iyayenta a Nasarawa Burkullu, ni kuwa murna kamar in taka rawa, kunya ce kawai ta hana. Ana gobe suna Inna, mahaifiyata, ta tubure. "Ba ni shiga motar da ka ja min ido. Gyara ta, ko ku yi sunanku ba ni." Kai! Jikanta na fari, a yi suna babu ita?

Bayan la'asar na cire kan batir, na ɗan jira wutar ta huce, don wayar jakar iska ba a yi mata garaje, sannan na kwanta na leƙa ƙarƙashin kujerar. Me zan gani? 'Yar butar alwalar Baba, a cushe inda ya saba tura ta, ta danne wata rawayar waya har soket ɗinta ya yi sako-sako. Na yi dariya har da ƙwalla. Na zare butar, na goge soket, na tura shi ya ce ƙas, na ɗaure wayar, na mayar da batir. Na zauna a kujerar na yi ta tsalle, fitila shiru.

Da safe muka kama hanya, Inna a baya da ƙullin kayan barka, don ta ce ba ta zama wurin Malam, wato Baba. Muna hira muna dariya, muna barin kwalta sai fitilar nan ta kama, jajir, alhali ba kowa a gaba. Na ce gargada ce. Sai ƙamshin turaren Baba ya cika motar, na waiga, na rantse da Allah kujerar ta lotsa kamar an zauna. Gashin jikina ya tashi, na nemi taka birki.

Inna ko gezau. "Tuƙa hwa, ɗana. Kai kaɗai ka son ganin jinjiri?"

Haka muka tafi, ita tana ba kujera labarin wanda ya yi aure da wanda ya sayar da gona. Muna tsayawa ƙofar gidan surukaina, ban ko kashe mota ba, fitilar ta mutu. Sunan Baba aka raɗa wa yaron. Inna ta karɓe shi tana dariya tana hawaye, ta ce, "Maigida, ashe ka riga mu shigowa."

Tun ranar fitilar ba ta sake kamawa ba, kowa ya zauna. Ni dai ban san abin da na ɗauko ba. In taku ta kama, ku cire batir kafin ku taɓa rawayar waya, ku duba abin da aka cusa ƙarƙashin kujera. In kuwa kun gyara ta sake kamawa ba kowa a wurin, to ku yi sallama, ku rage gudu.