Minti Taran Da Aka Yanke Wa Baba Cindo

Wata rana, bayan La'asar, wani dattijo ya sauka daga adaidaita-sahu a ƙofar wani situdiyo a Kano, da kalangu rataye a kafaɗarsa.

Sunansa Baba Cindo. Daga wani ƙauye ya taso a bayan Ɗambatta.

Shekara ashirin da biyu ya yi yana yi wa marigayi Jatau kiɗa. Shi Jatau mawaƙin mahauta ne. A zamaninsa, in ya buɗe baki a kwata, har mai fiɗa sai ya dakata.

Jatau ya rasu. 'Yan amshinsa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Cindo kaɗai ya rage, shi ma hannunsa na dama ya kama rawa, shekara bakwai ke nan rabonsa da kiɗa.

Duk wahalar da suka sha, abin da ya rage musu a duniya kaset ɗaya ne tak.

'Yar Jatau, Hajiya Ladidi, ita ta tsinci kaset ɗin a ƙasan adakar mahaifiyarta. Ta kai wa wani matashi mai situdiyo, Nafi'u, ta ce a wanke sautin a sake fitar da shi yadda za a ji a waya. Sharaɗinta ɗaya ne: kafin a saki, a kira Baba Cindo ya saurara ya sa albarka.

Kada in ci haƙƙin Nafi'u, yaron gwani ne. Albam na nanaye, na gambara, na bege, babu irin wanda bai fitar ba. Sautin da ya daɗe yana shaƙe kamar mai mura, sai ga shi garau.

Ya zaunar da Baba, ya sa masa abin saurare a kunne, ya kunna.

Muryar Jatau ta fito tamkar yana cikin ɗakin. Allah sarki, Baba Cindo ya runtse ido, leɓensa yana motsi, yana bin waƙar.

Minti huɗu, waƙa ta ƙare.

Baba ya jira. Sai ya ji wata ta taso.

Ya cire abin kunnen a hankali. Shi dai ya san waƙar nan minti goma sha uku ce, shi ya kaɗa ta.

Nafi'u ya gyara zama ya shiga bayani, irin bayanin wanda ya san aikinsa. Wai mutanen yanzu ba su da haƙuri, wai in kiɗa ya canza rawa ma dole ta canza. Wai kuma bai taɓa ko kalma ɗaya ta Jatau ba, wuraren da mawaƙin ya yi shiru kawai ya yanke, kuma jibi za a saki.

To, jama'a, wuraren da Jatau yake yin shiru ai su ne inda yake bar wa kalangu fili.

Waƙa bakwai ce a kaset ɗin. A duka bakwai ɗin, Cindo aka zubar.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Hannun da ya yi wancan kiɗan ba zai sake yin irinsa ba. In albam ɗin ya fita a haka, shi ke nan, an binne shi da ransa.

Nafi'u ya nuna masa kwamfuta da yatsa.

"Baba, duba nan. Minti tara cur babu mai magana. Kiɗa ne zalla."

"Babu mai magana?"

"Babu, Baba."

"Ɗana, ni ne nake magana. Kai ne ba ka ji ba. Taso mu je waje."

Baba ya miƙe. Ya saɓi kalangunsa ya fita, Nafi'u ya bi shi yana sosa ƙeya.

A tsallaken titi akwai wani mai tsire, magidanci, yana jera tsinke a bakin wuta. Ya ba su baya. Bai san Baba ba, Baba bai san shi ba.

Baba Cindo ya matse kalangu a hammata, ya ɗaga sandar kiɗa.

Hannu ya yi abin da ya saba. Sandar ta suɓuce ta faɗi ƙasa.

Wasu masu adaidaita da ke jiran fasinja suka kwashe da dariya. Nafi'u ya ji kunya ta kama shi, har ya fara cewa Baba ya bari kawai.

Dattijo ya duƙa ya ɗauki sandarsa. Ya share ta da bakin riga, ya ambaci Allah, ya sake ɗagawa.

Wannan karon fata ta amsa.

Ga wanda bai sani ba, akwai abin da ake kira take. Magana ce da makaɗi yake yi da ganga, ba da baki ba. Kowace sana'a da nata, kowane sananne a cikin sana'ar da nasa. Wanda Baba ya kaɗa shi ne taken mahauta gaba ɗaya, kuma shi ne farkon abin da aka yanke.

Mai tsire ya sandare, tsinke a hannu.

Ya juyo a hankali. Sai ya yar da tsinken, ya zaro wuƙarsa ya ɗaga ta sama, ya fara kirari da muryar da ta cika layin. Ya kira ubansa, ya kira kakansa, ya kira garinsu.

Masu dariya kowa ya kama bakinsa.

Mutumin nan ya bar nama a wuta yana ƙonewa, ya tsallako titi ko duba mota bai yi ba, ya zube a gaban Baba Cindo. Ya ce rabonsa da jin wannan tun mahaifinsa yana raye. Sannan ya juya ga Nafi'u, ya karanta masa abin da kalangun ya faɗa, kalma bayan kalma, kamar mai biya allo.

Sai a lokacin Nafi'u ya gane.

Ashe wata guda ya yi yana yanke sunayen iyayen mutane, yana cewa gyara yake yi.

A nan ne yaron ya burge ni. Bai tsaya kare kansa ba. Ya durƙusa a gefen titi ya ba Baba haƙuri a gaban kowa, ya kira Hajiya Ladidi ya ce a ɗaga ranar saki. Allah Ya taimake shi bai goge na asali ba.

Kwana shida Baba Cindo ya yi yana zuwa situdiyo. A kunna, a tsayar, ya ce wannan taken wane ne na gari kaza. Nafi'u yana rubutawa.

Mutum ashirin da uku suka ƙirga a cikin kiɗan.

Aka saki albam ɗin da tsawonsa, ko daƙiƙa ɗaya ba a taɓa ba. A ƙarƙashin kowace waƙa aka jera sunayen masu take da mintin da kowa ya fito.

Abokan sana'ar Nafi'u suka ce ya haukace, wa zai saurari waƙar minti goma sha uku a wannan zamani?

Ai kuwa sun sha mamaki.

Kafin mako ya zagayo, babu tukubar tsire ko teburin nama da ba a jin ta. Mahautan Kano suka tura wa na Agege, na Agege suka tura wa na Kumasi. Wata mata ta aiko da saƙon murya tana kuka, ta ce minti na shida kakanta ne, ko hotonsa ba su da shi. Matasan mawaƙa kuwa sai layi suke yi, kowa yana son Baba ya koya wa makaɗinsa take.

Daga nan Sarkin Fawa ya aika a zo da Baba Cindo kwata, da hantsi, lokacin da wurin ya fi cika.

Bayan an gaisa, Sarkin Fawa ya tambaye shi, duk wannan take da ya yi wa mutane, shi wanne ne nasa?

Baba ya yi dariya. Ya ce ranka ya daɗe, ai makaɗi ba ya yi wa kansa take, kuma babu wanda ya taɓa yi masa.

Sarkin Fawa ya miƙe tsaye, ya dubi jama'arsa.

"To, yau mu za mu yi masa."

Ba su da ganga. Sai ya juya wuƙarsa, ya buga bayanta a kan teburin yanka. Na kusa da shi ya buga. Na gaba ya buga. Kafin ka ce kwabo, kwata gaba ɗaya ta ɗauka, wuƙaƙe a kan katako, bugu ɗaya, suna kiran sunan Cindo.

Dattijon da ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan wani, yau ga shi a tsakiya. Ya rufe fuska da hannun riga, ya yi kuka har ya gode Allah.

Darasi:

Abin da ba ka gane ba, ba shi ne abin da ba shi da amfani ba. Kafin ka yanke, ka tambayi wanda ya ɗinka. In kuma ka gano ka yi kuskure, ka durƙusa da wuri, ba a mutuwa don an ba da haƙuri.

Akwai wani Baba Cindo a gidanku ko a unguwarku, wanda ake ganin surutu kawai yake yi. Ka je ka zauna da shi tun yana nan.

Tura wannan ga wanda ka san yana da tsoho a gida, kuma ka rubuto mana sana'ar kakanka a ƙasa, mu ma mu ji.