Sunan da Aka Laƙaba Mini a Tashar Maigatari

A shekarun saba'in sana'ata zanen jikin manyan motoci ce a Gumel. Kowa zaki yake so a zana masa, ko dabino, ko jirgin sama. Da na gaji, sai na zana wa wani mai motar kaya kasuwar shanu yadda nake ganinta da tsakar rana: ƙahoni birjik, ja da shuɗi, babu cikakkiyar saniya ko ɗaya.

Ranar kasuwar Maigatari motar ta tsaya a tasha, mutane suka taru suna dariya. Wani malamin makaranta daga Damagaram ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mini, "Malam, wannan aikin abangad ne." Na tambaye shi ma'anarsa. Ya ce da Faransanci sojojin da ke gaban runduna ake nufi, daga baya aka riƙa kiran masu fasahar da suka riga zamaninsu da shi.

Direbobi ba su tsaya jin bayanin ba, kalmar kawai suka ɗauka. Mai motar ya ce, "Kafin kasuwa ta zagayo ka shafe wannan haukan, ka sa mini zaki." Na shafe da hannuna.

Daga nan duk wanda ya yi shirme a tasha sai a ce ya yi abangad. Aiki ya ɗauke mini. Na koma Sule Tankarkar ina fentin ƙofofi, can ma 'ya'yan Abangad ake kiran yarana. Malamin kuwa ban sake ganinsa ba. Shi dai ya yaba, ya hau mota ya koma gida.